Wanda Zambo Ya Yarda da Shi

Da hantsi aka kai wa Sufeto Essomba rahoto: an harbe Zambo, babban goggon birin da baƙi ke ƙetaro teku don gani. Shekara bakwai masu bin sawu suka yi kafin ya saba da mutum. Da shi ƙauyen nan na bakin teku yake ci.

Kafin Sufeto ya iso, masu gadin daji sun ɗaure Papa Mabele, tsohon maharbi, wai an ga bindiga a bukkarsa. Tsohon ya ce bindigar ta girmi uban wanda ya ɗaure shi. Sufeto ya shinshina bakinta, tsatsa kawai. Duk da haka shugaban gadi ya dage gobe a kai shi kurkuku.

Sufeto ya ce sai ya ga gawar. Aka shiga daji har da tsohon, a ɗaure.

Harsashi ɗaya ne a ƙirji, daga taku biyar. Zambo a zaune ya mutu, da ɓargon kara a hannu.

"Papa, kai za ka iya matsowa haka?"

"Ni? Warina kawai zai ji ya kwashe iyalinsa, Shef. Sai masu bin sawu da ke kaɗa masa harshe in sun zo, su ya sani."

Masu bin sawu uku ne, kowa ya rantse yana bakin teku ranar. Ngalle, babbansu, har da hawaye.

Sufeto bai yi musu ba. Ya ce matan Zambo suna wurin aka yi abin, sun ga mai harbin, don haka kowa zai shiga ya gaishe su shi kaɗai, kamar kullum.

Na farko ya shiga yana kaɗa harshe, birai suka ci gaba da kiwo. Na biyu ma haka.

"Saura kai, Ngalle."

Ya ce zazzaɓi yake ji.

"Zazzaɓin da ya bar ka ka cinye ƙullin tuwon rogo uku ɗazu? Wuce."

Ya yi taku goma ya tsaya. Harshen ya ƙi kaɗuwa. Ya zauna a kan saiwa, ya ce tun da Zambo ya daina tsoron mutane sau huɗu yana kwantar da gonar ayabar mahaifiyarsa, ofis kuma sai su ce a yi haƙuri.

"Ni na koya masa kada ya gudu, Shef. Da na ɗaga bindiga, kallona kawai ya yi."

Sufeto ya kwance igiyar hannun Papa Mabele da kansa, sannan ya ce wa Ngalle ya tashi. Ngalle ne ya shiga gaba, don duk cikinsu babu wanda ya fi shi sanin hanyar fita.