Wadda Ta Nemi Suna a Dajin Malesiya

Ranar Alhamis ce, ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in na rana, motarsu ta tsaya a bakin daji. A ƙasar Malesiya aka yi wannan, inda Yaya Sahura ta je karatun digiri na uku kan ƙasar noma. Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba.

Su uku ne. Ita, da Pak Samad, dattijon da ke tuƙa motar jami'a, da Kolin, wani Bature abokin aikinta. Ƙasa suka zo ɗiba a 'yan ledoji goma sha biyu, su koma.

Tun a hanya ranta a ɓace yake. Shekarar Kolin bakwai a Asiya, amma ko gaisuwa ɗaya bai iya ba da harshen mutanen. A unguwar Turawa yake zaune, mai katanga da mai gadi. Duk Asabar sai ya hau shafinsa na intanet yana ba 'yan ƙasarsu dariya: wai mutanen nan da hannu suke ci, wai kowace bishiya tsoronta suke ji. Ya taɓa ɗaukar Sahura hoto tana sujada a ɗakin gwaji, ya sa a shafin. Wata biyu ba ta yi masa magana ba.

Pak Samad ya kashe mota. Ciwon gwiwa ya hana shi shiga da su. Ya dubi Sahura, ya yi magana da Turanci don kowa ya ji.

"'Yata, abu biyu. Kada a ɗauki abin da ba shi aka zo nema ba. Sannan a ciki ba a kiran suna. Ba a faɗa, ba a amsawa. In kina neman sa, ki tafa hannu."

Kolin ya tuntsire da dariya. "Don kada birai su sa mu a rajista?"

Dattijon bai kula shi ba. Ya fuskanci daji ya yi sallama, ya ce, "Baƙi ne. Wucewa za su yi."

Sahura ba ta yi mamaki ba. Kakarta a Gusau ba ta taɓa zubar da ruwan zafi a ƙasa ba sai da bisimilla.

Suka shiga. Leda ɗaya, biyu, har tara, tana rubuta lamba a jikin kowace. Suka iso gindin wata ƙatuwar bishiya, an ɗaure mata ƙyalle rawaya a gindi. Sahura na durƙushe tana haƙa, ta ji motsi. Ta ɗago. Kolin ya kwance ƙyallen, ya naɗa a wuya, yana ɗaukar kansa hoto.

"Mayar da shi."

"Tsumma ne fa."

"Naka ne? Kai ka ɗaura?"

"Ke ma da iliminki?" Ya sa hannu biyu a baki, ya fuskanci cikin daji. "Sahura! Sahura! Sahura!" Ya ware hannu. "Kin gani? Me ya faru?"

Ta dube shi a fusace. "Kai ba ka da naka sunan ne? Sai nawa ka ga dama ka watsa?"

Nan ta lura da shirun. Tun shigowarsu ƙwari ke ta kuka kamar injin niƙa. Yanzu babu. Tsuntsu ɗaya babu.

Wata mata ta fito daga bayan bishiyar. Kyakkyawa, da zane irin na mutanen ƙauyen nan, da kwando a baya. Tana taka busassun ganye, ganyen ba ya ƙara. Ba ya ma lotsawa. Da ta matso, Sahura ta ga leɓenta na sama sumul yake. Ɗan kwarmin nan da ke ƙarƙashin hancin kowane ɗan Adam, ita babu.

"Sahura," in ji matar.

Da Hausa. Hausar Gusau. Muryar kakarta, wadda ta rasu shekara goma sha ɗaya.

Na'am ta taso mata har kan harshe. Ta cije.

"An kira ki sau uku a ƙofata," in ji matar, "an kuma yaye mini labule. Ke za ki zauna a madadinsa. Amsa mana, 'yar nan. Haka aka rene ki, babba na kira kina shiru?"

Sahura ta kama Ayatul Kursiyyu a zuci. Tsoro na nan, amma fushi ya fi shi. Wani ya ɗauka, wani ya yi ihu, ita kuma za a riƙe? Ta miƙe ta fizge ƙyallen daga wuyan Kolin har sai da ya yi taga-taga. Ta zagaya bishiyar ta ɗaura, ƙulli biyu, yadda ta gan shi.

"Kai!" in ji Kolin, yana shafa wuya, idonsa a kan matar. "Ji Turancinta, kamar a unguwarmu ta girma! A ina ta koya?"

Ashe kowa da abin da kunnensa ke ji.

Matar ta dubi ƙullin, ta daɗe. Sannan ta juyo.

"Kin mayar. Ba ke kika kwance ba. Ba ni sunan wanda ya kwance, ki yi tafiyarki."

Sunan na bakinta. Gajere ne. Ta tuna hoton sujadarta, da dariyar da baƙi suka rubuta a ƙarƙashinsa. Ta tuna yadda ya yi wa Pak Samad, sa'an ubansa, dariya a fuska. Ta datse haƙora har muƙamuƙinta ya yi ciwo. Ba ta faɗa ba. Ta kama hannun rigarsa ta ja.

Ya fizge. "Wannan ai rashin ladabi ne. Mu a ƙasarmu, in ka gamu da mutum, sai ka gabatar da kanka."

Ta tafa hannu da ƙarfi, sau biyu, sau uku. Ko kallonta bai yi ba. Ya gyara tsayuwa, ya miƙa wa matar hannu yana murmushi.

"Sunana Kolin."

Matar ta karɓi hannun. Ta maimaita sunan a hankali. Da muryarsa ta maimaita, tasa sak.

Ya amsa.

Sahura ba ta san inda ta samo ƙarfi ba. Ta damƙi jakarsa ta baya ta ja shi kamar akuya, ba ta waiwaya ba. Ƙwari suka dawo da kuka gaba ɗaya.

Agogonta sha biyu da minti ashirin ya nuna. A waje kuwa rana ta yi ja, la'asar ta daɗe da wucewa. Pak Samad na tsaye jikin mota, muryarsa ta dishe.

"Awa biyar ina danna oda. An kira suna a ciki, ko? Kin amsa?"

"An kira ni, amma ban amsa ba, Baba."

"Shi fa?"

Ta waiwaya ta dubi Kolin. Dattijon ya daki rufin motar da tafin hannu.

"Abu biyu kawai na ce! Biyu! Shekara bakwai kana cin shinkafarmu, maganarmu ɗaya ba ta isa ka ji ba?" Kolin na zaune a kujerar baya, yana kallon daji. Dattijon ya juyo gare ta. "Ke kuma sun san sunanki. Kada ƙafarki ta sake taka hanyar nan, ke kaɗai ko da rakiya."

Washegari shugaban sashe ya kira Kolin a baranda, bai juyo ba. Matarsa ta kira shi, bai juyo ba. Likita ya duba kunnensa, lafiya lau: yana jin komai, ban da sunansa. Bayan mako shida matar ta mayar da shi ƙasarsu. Sau ɗaya ta rubuto wa Sahura, ta ce kullum tsakar rana yakan juya ya dubi bango, ya amsa.

Da ledoji tara Yaya Sahura ta kammala karatunta.