Da Sauƙin Auta

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da ake kira Auta, don shi ne ƙarami a gidansu. Shi ke kaɗa babbar ganga a makarantarsu kowace safiya, lokacin da yara ke maci su shiga aji. Duk duniya ba abin da yake so kamar gangar nan.

Wata rana ƙwallonsa ta maƙale a kan katanga. Mama ta ce kada ya hau. Ya hau. Ya faɗo a kan hannun dama, ƙashi ya tsage kusa da gwiwar hannu. A asibiti aka naɗe hannun da filasta mai tauri, aka rataya masa shi a wuya.

Ranar da aka cire filastar, Auta ya yi murna har da tsalle. Sai ya zo miƙe hannu, hannu ya ce bai san zancen ba. Ya tsaya a lanƙwashe kamar hannun buta.

"Mama, sun ɓata mini hannu."

"Kai ka ɓata abinka a kan katanga," in ji Mama. "An ce mu je ɗakin gashin ƙashi."

Auta ya zaro ido. "Gasa ni za su yi?"

"Da za su gasa kunnen nan da ba ya jin magana, da na gode musu. Wuce mu tafi."

Abin da ya fi damun Auta shi ne maganar Malam mai kula da masu kiɗa. Ranar ba da kyaututtuka ta kusa, kuma iyaye duk za su zo. Malam ya ce, "In likita ba ta yarda ba, Dogo zai kaɗa babbar ganga." Dogo shi ne yaron da ke riƙon gangar tun da Auta ya ji ciwo, ga shi ko tafi bai iya yi daidai ba, a ganin Auta.

A ɗakin gashi babu wuta ko kaɗan. Ƙananan gadaje ne masu labule, da babban madubi, da igiyoyin roba, da wani keke da ake tuƙawa amma ba ya zuwa ko'ina. Likitar gajeriyar mace ce mai tabarau. Ta duba hoton ƙashin, sannan ta zaunar da Auta a bakin gado.

"Ƙashinka ya warke," in ji ta. "Amma gwiwar ta daɗe a ɗaure, shi ya sa ta yi tauri. Da hannuna zan riƙa lallaɓa ta har ta saki. Sai dai ni ba na jin abin da kake ji. Kai za ka riƙa gaya mini."

Ta ɗora masa tawul mai ɗumi. Da wurin ya ɗumama, ta riƙe damtsensa da hannu ɗaya, ta kama ƙasan gwiwar da ɗayan. Ta ja kaɗan, ta saki. Ta sake ja, ta saki. A hankali take yi, kamar mai tsoron tayar da jariri.

"Ciwo iri biyu ne," in ji ta. "Akwai na miƙewa, wanda ke wucewa in na saki. Wannan ba laifi. Akwai mai suka kamar allura. In ka ji shi, ka ce in tsaya. Yanzu yaya ka ji?"

To, Auta yaro ne mai lissafi, sai dai lissafin nasa ba ya fita daidai. Ya ce a ransa, in na ce da zafi, za ta riƙe ni a nan har Dogo ya gaje gangata. Kuma ya lura ko Kaka, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, duk wanda ya ce mata yaya jiki, amsa ɗaya take bayarwa.

"Da sauƙi," in ji Auta.

Ta ƙara miƙe hannun kaɗan. Wani abu ya soke shi a gwiwar.

"Yanzu fa?"

"Da sauƙi."

Likita ta dube shi ta saman tabarau. "Ka tabbata?"

"Da sauƙi sosai."

Ta auna hannun da wata rula mai ƙafa biyu kamar almakashi. Ta koya masa motsa jikin da zai yi a gida: ya ɗora hannu a kan tawul, ya riƙa tura shi a hankali bisa tebur. Ta ce ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da kiɗa.

Tura tawul a kan tebur! Auta ya yi na yini ɗaya ya gaji. Wai shi, mai babbar ganga, shi aka mayar mai goge tebur. Da Mama ta fita kasuwa, sai ya kife bokiti a bayan ɗaki, ya samo sanda, ya dinga dukansa. Hannun na suka, shi yana cije leɓe.

Yayarsa ta leƙo ta taga. "Kai Auta, ba an hana ka ba? Ka cika mana kunne, ina karatu."

"Gwaji nake yi, Yaya."

"Hannun fa?"

"Da sauƙi."

Haka aka yi ta yi. A gida da sauƙi, a makaranta da sauƙi, a ɗakin gashi da sauƙi. Tun Likita ba ta gama tambaya ba ya riga ya amsa. Ran nan ta ce masa, "Miƙo hannun," ya ce, "Da sauƙi." Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Wata safiya Auta ya tashi ya ga gwiwar ta kumbura suntum. Ya sa riga mai dogon hannu don kada a gani. Wajen karin kumallo ya ɗauki cokali, hannun ya ƙi kaiwa baki. Ya sunkuyar da kai yana bin cokalin, shayi ya zube a rigarsa.

Mama ta ajiye kofinta. "Naɗe hannun rigar nan."

"Mama, ai da sau..."

"In ka ƙarasa kalmar nan, ni da kai ne. Naɗe."

Da ta ga gwiwar, sai ta yi salati. Yaya kuma ta tona asirin bokiti. Mama ba ta dake shi ba. Faɗa ta yi ta yi tun daga ƙofar gida har ƙofar asibiti, har Auta ya gwammace da dukan aka yi.

Likita ta taɓa gwiwar da bayan hannunta. Wurin ya yi zafi. Ta kawo rular nan ta auna. Hannun ya koma baya, ya fi ranar farko lanƙwashewa.

Ta ja kujera ta zauna a gabansa. Ranta a ɓace yake, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Auta, ka ba ni wahala. Ina ganin yatsun ƙafarka suna dunƙulewa, bakinka yana cewa da sauƙi. Na bi ƙafar na rage ja, amma ƙafa ba ta gaya mini zancen bokiti ba. Me ya sa ka yi haka?"

Hawaye suka cika idon Auta. "Ina tsoron a ba Dogo gangata. Kuma kowa haka yake cewa. Ko Kaka."

Mama ta dafe kai. "Ji yaron nan. Har Kaka ya jawo ciki."

Likita ta kusa yin dariya, ta daure. "Saurara. In maƙwabci ya ce maka yaya jiki, ka ce da sauƙi. Wannan gaisuwa ce, kuma tana da kyau. Amma ni ba gaishe ka nake yi ba. Tambayarka nake yi, don da amsarka hannuna ke aiki. Ka gane?"

"Na gane, Likita. Ki yi haƙuri."

"To, mu sake. Yaya hannun?"

Auta ya buɗe baki, kalmar ta zo har leɓe, ya haɗiye ta. "Yana suka a nan. In na kwanta a kansa ma yana zafi."

"Yauwa. Yau muka fara aiki."

Ta sa masa ƙanƙara a cikin tawul, ta ce hannun ya huta har kumburin ya saɓe. Dogo ya ci gaba da kaɗa gangar safe. Auta na cikin layi yana jin yadda ake ɓata kiɗa, abin na cin ransa. Amma da ya koma gida, sai ya ɗauko tawul ya tura bisa tebur. Yaya ta ce teburinsu bai taɓa yin ƙyalli haka ba.

A ɗakin gashi kuma bakinsa ya buɗe. "Nan yana ja, amma ya wuce." "Tsaya, Likita, nan suka ne." Ita kuma ta san inda za ta matsa da inda za ta sassauta. Kaɗan-kaɗan hannun ya riƙa miƙewa.

Ana gobe taron ba da kyaututtuka, Likita ta auna, ta sake aunawa.

"Waƙa ɗaya," in ji ta. "Daga nan ka ajiye sanda."

Washegari filin makaranta ya cika da iyaye. Malam ya kira Auta gefe. "Yaya hannun? Za ka iya duka?"

Ga ganga a gabansa tana ƙyalli. Ga Mama da Yaya a layin gaba. In ya ce da sauƙi ya yi shiru, Malam ba zai sani ba.

"Da sauƙi, Malam," in ji Auta. "Amma sauƙin na waƙa ɗaya ne. Sauran a ba Dogo."

Ya kaɗa waƙar farko, fili ya ɗauki tafi. Sannan ya miƙa wa Dogo sanda, ya tsaya kusa da shi yana buga ƙafa a ƙasa don kada kiɗan ya kauce. Dogo ya bi ƙafar, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Da suka koma ɗakin gashi, Likita ta taɓa gwiwar. Babu kumburi, babu zafi.

"Yaya hannun?"

"Da sauƙi."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Na gaisuwa ko na gaskiya?"

Auta ya miƙe hannun sambal, ya lanƙwasa shi har ya taɓa kafaɗarsa. "Na gaskiya, Likita."

Yara, in mai yi muku magani ya tambaye ku, ku faɗa masa daidai abin da kuke ji. Ɓoye ciwo ba ya sa a warke da wuri, sai ma ya ƙara jinkiri.