Alkawarin da Gambo Ya Karya a Bakin Tafki

Ku matso, ku rage murya. Kun san Kawu Ɗan'asabe, wanda ba ya cin kifi? To, ku ji dalili.

Kakansa Gambo ya yi wa Turawan safiyo, masu auna ƙasa, jagora a kurmin gabas. Ya bar gadon wata tsohuwar taswira, mai nuna tuddai da fadamu da tafkuna. A gidansu ana alfahari da ita.

Shekarar da aka yi fari, tafkunan duk suka ƙafe. Kawu ya ga saura ɗaya a takardar, can tsakiyar kurmi. Ya ce zai nemo shi, manoma su kai injin ban ruwa. Ya tafi shi kaɗai.

Da la'asar ya isa. Ruwa baƙi, ko tsuntsu ba ya kuka. Wani tsoho na zaune kan kututture, rigarsa tana ɗiga. Kawu ya yi sallama. Amsar ta zo kamar daga ƙarƙashin ruwa.

"Jikan Gambo ne. Na ga takardar."

Kawu ya sunkuyar da kai. Sai ya ga ƙafafun tsohon. Irin na agwagwa ne.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ya ciro Gambo daga taɓo lokacin da ya nutse har wuya. Ya ciyar da shi, ya nuna masa kowane tafki. Abu ɗaya ya roƙa, kada a sa su a takarda. Gambo ya rantse.

"Amma ya zana gidajenmu, mu mutanen ruwa. Mutane suka biyo zanen da gatari. Muna ta ƙaura. Nan kaɗai ya rage, ga ka kuma."

Kawu ya ce kunya ta fi tsoro kama shi. Gambo fa, mutumin da ake kira mai amana a gidansu!

Tsohon ya dangwala jiƙaƙƙen yatsa a taswirar, ya ce wa Kawu ya tafi.

Kawu bai waiwaya ba sai gida. Da ya buɗe takardar, babu tafki a kurmi. Shuɗin alamar tafkin ya koma daidai unguwarsu.

Ya roƙi dangi su tashi, suka yi masa dariya. Ya kwashe iyalinsa. Da damina ruwa ya tsattsafo daga ƙasan ɗakuna, bai janye ba har yau. Kwaɗin nan da kuke ji, a tsakar gidan Gambo suke kuka. Tun daga nan Kawu bai ƙara cin kifi ba, ya ce abin mutanen ruwa ne.

Ko an aike ku, kada ɗayanku ya bi hanyar kurmin nan shi kaɗai.