Kwanso Mai Tsaga

Da hantsin wata Talata, cikin damunar 1960, aka kawo wa Sufeto Abdulsalam rahoton an tsinci gawa a wata gona a Tirwun. Ya hau kekensa, Kofur Jesse na biye.

Mamacin Babayo ne, manomin da birai suka hana wa sakat a gonar masara. Yana kwance gindin ɗorawa, ƙaramar bindiga ƙirar maƙera ta tarwatse a hannunsa, gutsuren ƙarfe ya shige masa wuya.

"Tsautsayi ne, ranka ya daɗe," in ji Kofur, wanda kullum burinsa a rufe fayil kafin azahar.

Sufeto ya zaro kwanson harsashin daga tarkacen bindigar. Kwanson ya tsage daga baki har gindi. A aljihun mamacin akwai wasu harsasai biyu, tsofaffin kwanso ne da aka sake cikawa, amma suna ƙyalli kamar sabon kwano. A gindin ɗaya wani ɗan zaren tsamiya ya maƙale. Sufeto ya haɗa su da tsagaggen kwanson, ya sa a aljihu.

Matar mamacin, Rabi'atu, ba baƙuwarsa ba ce. 'Yar Saje Hammadu ce, tsohon sojan yaƙin Bama mai kula da ɗakin makamai na ofishinsu, wanda ya koya wa Abdulsalam riƙon bindiga tun yana kurtu.

"Allah Ya ba ki haƙuri, Rabi. Wa ke ba shi harsashi?"

"Ban sani ba, Yaya. A kasuwa yake saye."

"Wace rumfa ce a kasuwar Bauchi ake kasa harsashi?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Bai matsa mata ba, don ƙaryar ta fi gaskiya nuna masa hanya.

A unguwar Gwallaga, maƙeri Ɗanlarai ya rantse bai taɓa ƙera ko kunamar bindiga ba, sai fartanya da lauje. Sufeto ya ajiye masa marfin bindigar mai ɗauke da zanen da yake yi wa wuƙaƙensa, tare da harsasan nan biyu. Nan take rantsuwar ta sha ruwa.

"Ni na ƙera, yallaɓai, amma ban cika harsashi ba. Dubi wankin nan. Ni da toka nake goge tagulla. Mai jiƙa kwanso a ruwan tsamiya mutum ɗaya ne a garin nan, kuma kun fi ni saninsa."

Sufeto ya san shi kuwa. Shekara goma sha ɗaya yana ganin Saje Hammadu na tsince kwanso bayan an gama gwajin harbi a Inkil. Ya jiƙa su a tsamiya, ya shanya a tabarma, sannan ya riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya a kan wani faifan dutse. Lafiyayye yakan yi ƙara siririya, ya shiga gwangwanin da ake aikawa a sake cikawa. Mai tsagar da ido ba ya gani yakan yi ƙara a dushe, a dandaƙe shi da guduma. Duk ofishin ana alfahari da kunnen Saje.

Sufeto ya same shi zaune gaban dutsensa, idanunsa sun yi ja don kukan suruki.

"Baba, kai ka ba Babayo harsashi?"

"Haba Abdu. Ni da na koya maka doka?"

Da ma a ce wani ne ya zo yin wannan tambayar. Sufeto ya ɗauki lafiyayyen kwanso daga tabarma, ya haɗa da tsagaggen da ke aljihunsa.

"To taya ni wani aiki. Juya baya, ka gaya mini wanne ne mai tsaga."

Tsohon ya juya. Sufeto ya saki na farko, ya saki na biyu. Dutse ya amsa sau biyu, ko Kofur da ke bakin ƙofa ya ji bambancin.

Saje Hammadu ya ce, "To, saki mana."

Kofur ya sunkuyar da kai. Da tsohon ya waiwayo ya ga kwanson biyu a ƙasa, sai kafaɗunsa suka zube.

"Tun bara kunnen ya tafi," ya ce a hankali. "Bakin mutane nake kallo in gane magana. Na ɓoye don kada a sallame ni, ina so in tsaya cikin kaki ranar da za a ɗaga tutarmu ta 'yancin kai. Babayo ya yi ta kukan birai, na cika masa guda shida. Na sake su a dutsen nan kamar kullum, na yi kamar na ji. Ni na mayar da 'yata bazawara, Abdu."

Sufeto ya ji baƙin cikin da bai taɓa ji ba a aikin nan. Ya karanta masa laifinsa da ƙarfi, yana fuskantarsa don ya ga bakinsa. Bai bari a sa masa ankwa ba.

Tsohon ya cire hular aiki ya ɗora a kan dutsen, ya nuna gwangwanin. "Kada a aika da wannan. Ka sa mai kunne ya sake tantance su duka, akwai 'ya'yan mutane."

Kofur ya kama hannunsa suka nufi ɗakin tsare masu laifi. Sun kai tsakiyar fili sai Sufeto ya kasa daurewa.

"Baba, ka yafe mini," ya ce da muryar da duk ofishin ya ji.

Saje Hammadu ya ci gaba da tafiya, bai waiwayo ba.