Wanda Ya Wana Agogon Fada

Da ƙarfe takwas na safiyar Talata aka bugo waya caji ofis, aka ce an sace agogon aljihun sarki na ƙarshe daga tsohuwar fadar bakin tafki, wadda yanzu ta zama gidan tarihi. Sufeto ya ture kofin shayinsa, ya ce wa Saje ya tayar da mota.

Rabonsa da fadar ya fi shekara talatin. A da mahaifinsa kan kawo shi a kwale-kwale, su sauka a matattakalar dutse, su wuni suna kallon takubba da kujerun zinariya. Yau da ya shiga sai ya ga komai ya ƙanƙance, har zauren da yake ganin ba shi da iyaka. Ƙamshin tsohon katako da danshin tafki ne kawai suke nan yadda ya bar su, kuma su suka karya masa zuciya.

Darakta, wani matashi mai kwat da saurin baki, ya tare su yana zufa.

"Sufeto, ba sai ka wahala ba. Jiya Litinin a rufe muke, mai gadi kaɗai ke nan. Ku tafi da shi, da kansa zai faɗa."

Mai gadin na rakuɓe a jikin bango, ido ya raina fata. Sufeto ya san in bai samo gaskiya kafin azahar ba, wannan bawan Allah a bayan kanta zai kwana, aikinsa kuma ya tafi ke nan.

"Nuna min wurin," in ji shi.

Akwatin gilashin da ake ajiye agogon yana ɗakin sarki, babu komai ciki, a kulle, ko tsagewa bai yi ba. Sauran akwatunan duk ƙura, wannan kuwa an goge shi tas ciki da waje.

Saje ya yi dariya. "Yallaɓai, wannan ɓarawon ya fi matata tsabta."

"Wa ke da makulli?" Sufeto ya tambayi Darakta.

"Ni kaɗai. Da na kama aiki na canza duk kwaɗunan."

Sufeto ya ɗaga kwaɗon da ɗan yatsa. Na tagulla ne, ya sha hannu har ya yi santsi.

"Wannan ai ya girme ka."

Darakta ya gyara wuyan riga. "To... a takarda dai an canza."

Suna fitowa babban zaure Sufeto ya tsaya cak. Wani sauti yake ji, ƙas, ƙas, ƙas, wanda kunnensa ya sani tun kafin ya san karatu. Dogon agogon zaure ne, mai tsayin mutum biyu, abin lilonsa na kai da kawowa. Ya duba na hannunsa. Tara saura kwata, daidai wa daida.

"Wa ke wana wannan?"

"Babu," in ji Darakta. "Shekara shida ke nan a tsaye. Ni na hana a taɓa kayan tarihi, na sallami mai kula da su. Makullin da ake wana shi da shi ma ban taɓa ganinsa ba."

"To saurara."

Darakta ya saurara. Tun safe yake wucewa ta gaban agogon yana ihu, bai ji ba.

Sufeto ya sa hanci a ƙofar agogon, ya ji warin sabon mai. Ya fara zargin inda maganar za ta kai shi, kuma ba ya so.

Ya sami mai gadi a bakin ƙofa.

"Wa ya shigo jiya?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ko kyanwa."

"Kujeru biyu nake gani a inuwar nan. Da kyanwar kuke hira?"

Mai gadi ya juya ya dubi kujerun.

"Ka iya wana agogo?"

"Ni? Na hannuna ma batir ne."

"To wani ya wana na zaure jiya, ya sa masa mai. Ko ka faɗi sunansa, ko ka ɗauki laifinsa. Iyalinka nawa?"

Mai gadi ya share ido da hularsa. "Baba Mai Agogo ne. Duk Litinin yakan zo mu zauna. Jiya da hantsi ya ce in bar shi ya shiga ya gai da ɗakuna. Tsoho ne, ranka ya daɗe, shekara arba'in ya yi yana kula da kayan gidan nan kafin a sallame shi. Da wane baki zan hana shi?"

Gidan Baba na bayan inda masunta ke shanya taru, ɗaki ɗaya mai taga tana kallon ruwa. Ba su ma ƙwanƙwasa ba, ƙofar a buɗe take. Tsohon na zaune a tebur da madubi maƙale a ido ɗaya, ga ƙananan sukudireba a jere, ga agogon sarki a kan farin ƙyalle yana tafiya abinsa.

"Bismillah, ku shigo. Amma ku rage numfashi, ban rufe bayansa ba."

Sufeto ya cire hula ba tare da ya sani ba. Wannan ne mutumin da ya taɓa ɗaga shi sama a zaure, ya bar shi ya juya makullin dogon agogon da hannunsa. Ya daɗe yana fariya da wannan a makaranta.

"Baba, kai ka ɗauko shi?"

"Ni ne. Da makullina na da, wanda ba wanda ya ce in mayar."

"Don me?"

Baba ya turo masa wani murfin kwalba. Jan gari ne a ciki.

"Tsatsa ce, ɗana. Danshin tafkin nan ba ya barin ƙarfe ya zauna a banza. Sau biyar ina rubuta wa yaron nan Darakta takarda, ya ce kayan tarihi kallonsu ake yi. Damina ɗaya ta rage masa ya mutu har abada. Ranar da sarki zai cika, a tafin hannuna ya sa shi, ya ce kada in bari ya tsaya. Shekara shida ina jin kunyar kabarinsa."

"Da ka wuce agogon zaure ba ka taɓa shi ba, da ban zo nan ba."

Tsohon ya yi murmushi. "Na wuce shi fa. Har na kai ƙofa. Sai ƙafata ta ƙi."

"Mai gadi ya kusa kwana a kulle saboda kai."

Nan murmushin ya ɗauke. "Wannan kam na yi laifi. Na zaci zan mayar kafin a lura. Mu je in faɗa da bakina, a rubuta."

Ya rufe bayan agogon a tsanake, ya naɗe shi a ƙyallen, ya miƙa wa Sufeto da hannu biyu. Saje ya zaro ankwa, Sufeto ya galla masa harara, ya mayar da ita aljihu.

Hanyar caji ofis ta gaban fada ta bi. Suna isowa agogon zaure ya fara buga sha biyu, sautin ya bi saman ruwa. Masu kwale-kwale suka dakata da tuƙi, wata tsohuwa mai wanki ta miƙe tsaye tana kallon fadar. Sufeto ya ji ƙwalla ta cika masa ido, bai kuma ɓoye ba.

Baba ya ƙirga bugun har ƙarshe, sannan ya ciro wani baƙin makulli daga igiyar wuyansa, ya danƙa masa.

"Na agogon zaure ne. Kwana takwas yake yi. In ba su sake ni kafin Talata ba, ka je da kanka. Juyi goma sha huɗu, kada ka matsa masa."

"Na sani, Baba," in ji Sufeto. "Kai ka koya min."