Layin da Ya Ƙi Fitowa

Ranar da ya fara ganinta, tafe take a barandar ɗakin gwaji rungume da bokitin ƙanƙara. Ta bangaje shi, ba ta ko waiwaya ba. "Yi haƙuri, inzayim ɗina ba ya son zafi," ta ce tana wucewa. Tun daga nan suna ya bi ta, 'Yar Ƙanƙara. Shi kuwa Mai Awo ake ce masa, don shi ke auna sinadarai ya haɗa wa kowa ruwan aiki.

Digirinta na uku a kan wani inzayim ne mai suna E2, irin sinadaran da ke tafiyar da ayyuka a cikin jiki. Ta yi masa bayani wata rana: a cikin ƙwayar halitta akwai wani ɗan furotin, yubikwitin, wanda tambari ne. Duk furotin da ya lalace ko ya gama aikinsa, da an manna masa shi sai juji. E2 ne ɗan dakon da ke ɗaukar tambarin ya miƙa. Nata E2 ɗin ba wanda ya taɓa bincikarsa, kuma in har yana ɗauka, wani sabon layi zai fito a kan jel, wato faifan da ke nuna sakamakon gwaji. Ya ce ya gane. Gaskiya rabin bayanin a idonta ya ɓace masa.

Soyayya ta fito sarai, layi ya ƙi. Wata takwas ke nan.

"Ƙanƙarata, kin ci abinci?" ya rubuta mata.

"Sai layi ya fito."

"To zai fito ya tarar da ƙashi."

Babanta, tsohon mai haɗa magani a asibiti, ya ce kada a kawo masa zancen aure sai ta kammala, kuma bai ga abin da za ta yi da mai wanke kwalabe ba. Farfesan da ke duba aikinta kuma ya ba ta mako biyu: ko layi, ko a rufe aikin ta koma wani gari ta faro daga tushe. Ta ɗaure ɗankwali ta ce ba inda za ta.

Da safiyar Talata Mai Awo yana gyaran aljihun tebur sai ga takardar haɗin ruwan jel da ta rubuta masa tun farkon zuwanta. A ƙasa ta ja layi biyu: "Ban da DTT." Wannan sinadari ne mai ɗoyi da yake ɗiga wa ruwan jel ɗin kowa, har hannunsa ya saba ba ya tambayar kai. Sinadarin kuwa tsinke igiyar da ke riƙe E2 da tambarinsa yake yi. Wata takwas yana yanke mata layi da hannunsa.

Tsoro ya kama shi. Da zai haɗa sabuwar kwalba ya ajiye shiru, ba mai sani, ƙila ma a yaba masa. Amma ya ɗauki takardar ya kai mata a gaban Farfesa, ya faɗi laifinsa.

Kwana uku ba ta amsa saƙonsa ba. Wani Dokta na teburin aiki na biyu, da ya daɗe yana zagayenta, ya yi ta kawo mata shayi da shawarar ta rabu da ƙananan ma'aikata. A rana ta huɗu ta wuce shayin, ta tsaya a kan Mai Awo.

"Ban huce ba," ta ce. "Tashi ka auna, ina kallon hannunka."

Ya auna, tana kallo. Saura kwana biyu wa'adi ya cika layin ya fito, baƙi ƙirin, daidai inda ta ce. Ta zauna a ƙasa da farar rigarta tana kuka tana dariya.

Bayan ta kare digirin babanta ya sa aka kira Mai Awo. Ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau.

"An ce kai ka ɓata mata wata takwas."

"Ni ne, Baba."

"Wa ya kama ka?"

"Ba kowa."

Tsohon ya yi shekara talatin a ɗakin magani, ya san yadda ake musanya kwalba a yi gum. Ya cire tabarau ya ce ya turo manyansa.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙo hannun 'yarsa. "Na so in hana shi ke, sai na rasa hujja. Ku je, Allah ya yi muku albarka."