Ba Tsohon Ciwon Ba Ne

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na tsaya a firamare, kuma ko a gidanmu ba a san ni da magana ba. Amma abin ya ƙi barin zuciyata.

Ranar Talata bayan la'asar Hashim ya tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Wulari, yana tari cikin hankici.

"Turai, na yafe miki alkawarin da ke tsakaninmu."

Ban ɗago kai ba.

Shekara biyu ke nan da aka yi masa aiki a hanyar abinci, aka yanke ciwon daji. Maƙwabtanmu ne, mahaifiyarsu ta rasu, sai innata ta ɗora mini dama masa kunu. Wata takwas yana sha cokali-cokali, yana tsokanata wai kununa ya fi allura zafi. A bakin kofin nan muka fara son juna. Ya warke, ya koma sana'arsa ta wankin hula, aka sa mana rana bayan Babbar Sallah.

Sai tari ya zo.

Mai kemis ya ce sanyi ne. Wata huɗu ana shan magani, har jini ya fito.

Ranar da sakamako ya fito ina asibiti da fulas ɗin kunu. Likita Pindar ta ɗauka ni matarsa ce, ta ce in shigo tare da yayansa Babagana. Hashim yana waje a kan benci.

Ta ce ciwon daji ne a huhu. Amma sun ɗebi tsokar sun auna, ba na hanyar abincin ba ne ya bazu, wani ne sabo ya tsiro da kansa, kuma yana wuri ɗaya. Da tsohon ne ya yaɗu, sai dai a riƙa rage masa wahala. Wannan kuwa, in numfashinsa zai ɗauka, ana iya yanke ɓangaren huhun, a bi da ƙarin ruwan magani. Ta ce ba ta yi mana alkawari ba, amma akwai waɗanda suka yi shekaru bayan haka. Sai dai ba a jinkiri, kuma shi da kansa zai sa hannu.

Muna fita Yaya Babagana ya tare ni a baranda.

"Ƙanwata, ba ki ji komai ba."

Ya ce a gidansu ba a gaya wa mara lafiya sunan ciwonsa, jin sunan ke kashe mutum kafin ajali. Ko wancan karon miki suka ce masa. Zai kai shi garin Khaddamari wurin kawunsu ya huta, a yi masa rubutu, in ya yi ƙwari a ga abin da za a yi. Idonsa cike da hawaye yake faɗa. Na ce to, don ban taɓa ce wa babba a'a ba.

Kwana takwas ban zauna wuri ɗaya ba. Na ƙona tuwo sau biyu. In na hango Hashim sai in shige ɗaki, don kada fuskata ta tona. Innata ta ce gara a ɗaga bikin, ba ta so in yi takaba da lalle a hannu.

Shi kuwa ya ga ina gudunsa, shi ne ya zo ranar Talatar nan ya sallame ni.

Ya jingina da bango ya ce kada in wahalar da kaina da ɓoyo. Tun wancan karon ya san sunan ciwonsa, ya karanta a jikin kati, ya yi shiru ne don kada Yaya ya karaya.

"Na san ya dawo, Turai tawa. Wanda ya dawo kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Jibi zan tafi Khaddamari."

Na ji maganar Yaya a kunnena. Na ji ta likita.

"Ba shi ba ne," na ce.

"Me kika ce?"

"Ba tsohon ba ne... sabo ne. Wuri ɗaya yake. Ta ce ana iya cirewa in ba a makara ba."

Na faɗa masa duka, ina kallon takalminsa. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gabansa ba.

Sai ya zame ya tsuguna, ya rufe fuska da hularsa.

"Wata huɗu ina shirin mutuwa," ya ce, "ashe ban ma san wanda ke bina ba."

Ya tambaye ni ko na san za a iya yin aikin kuma ya ƙi tashi. Na ce na sani.

"Kuma kina nan?"

"Wa zai dama maka kunun?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Washegari da na idar da sallar asuba na gaya wa innata kada a ɗaga rana. Na sa hijabi na tafi shagon Yaya Babagana, na durƙusa a gaban yaransa da masu ciniki na ce masa na saɓa maganarsa, ya yafe mini. Ya juya mini baya yana gyara kaya.

Na tashi na tari keke zuwa asibiti, na kama wa Hashim layin ganin likita. Ni ce ta bakwai.